Wanda ya zo da bizar Umra zai iya sayen babur a Jidda?

Nura Gwammaja: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema. Ni baƙo ne, satina biyu kenan a Jidda wajen yayana, na yi umrata alhamdulillah kuma bizar kwana 90 ce, da sauran lokaci sosai. Tun ina Kano nake da burin nan, in sayi ɗan babur na hannu in hau abina daga Jidda zuwa Madina ta hanyar bakin teku, in kwana a Rabig, in bi ta Badar in ga wajen da idona, in na dawo in haura Ɗa'if, sannan in sayar da shi kafin in koma gida. Na ga wani Boxer 150 a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, mai shi ya ce riyal 3,500 kuma da alama zai rage. Tambayata yaya ake yin takardu, kuma lasisina na Najeriya zai yi aiki a nan? Batun iya tuƙi kam kar ku damu, na yi acaɓa a Kano har lokacin da aka hana a 2013, bayan nan ma ban taɓa ajiye mashin ba.

Sani Dabbab: Wa alaikumus salam, kai namiji ne wallahi, irin ku muke nema. Amma tun farko ka sani a nan ba a ce babur, dabbab ake cewa, in ka je kana babur babur sai su ɗauka rishon girki kake nema hhhh

Abu Haidar: Wa alaikas salam ya akhi Nura, barka da zuwa, Allah ya karɓi ibada. Bari in fara maka da abin da ba za ka so ji ba. A nan ba kamar Kano ba ne da za ka miƙa kuɗi a ba ka makulli da rasit ka kama gabanka. Kowane abin hawa yana da istimara, wato takardar mallaka, kuma tana ɗaure da sunan mutum ɗaya da lambar katinsa, ɗan ƙasa da hawiyyarsa wato katin ɗan ƙasa, mazauni da iƙamarsa wato katin izinin zama. Canja suna daga mai sayarwa zuwa mai saye a Absher, manhajar gwamnati, ake yi ko ta ma'arad, wato wajen dillalan motoci, kuma sai da inshora. To kai da ka shigo da bizar Umra wace lamba za a ɗaura wa? Wannan ita ce tambayar, riyal 3,500 ɗin ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin.

Nura Gwammaja: To ai na yi tunanin haka, shi ya sa na ce ko a sa sunan yayana, shi yana da iƙama shekara da shekaru. Ni in hau kawai, in zan tafi mu sayar.

Abu Haidar: Hmmm. Na san nan za ka zo.

Baba Alhaji Misfala: Yaro, ka tsaya ka ji. Abin da kake faɗa ni aka yi wa shi, ba labari aka ba ni ba. Ɗan ƙanwata ne ya zo wajena kamar yadda ka zo wajen yayanka, ya dame ni da magiya, Kawu dabbab Kawu dabbab, na je na saya da sunana da kuɗinsa. Ya hau wata biyu lafiya lau. Saura kwana uku jirginsa ya tashi bai samu mai saye ba, sai ya haɗu da wani a bakin masallaci ya ba shi kuɗi a hannu, suka rubuta 'yar takarda a bayan kwalin magani wai yarjejeniya, mutumin ya ce gobe zai zo a canja suna. Goben da ba ta zo ba kenan. Lambar wayar da ya bayar kwana biyu ta yi ta mutu. Shi yaron ya hau jirgi ya tafi da tsarabar dabino da zamzam, ni aka bari da saƙonni a waya, yau mukhalafa, wato tarar karya dokar hanya, a wata unguwa da ban taɓa takawa ba, jibi wata, ni da ko keke ban iya ba. Na yi ta zirga-zirga da ƙafar nan tawa mai ciwo, a ce je ka can, a ce dawo gobe, sai da na kusan shekara kafin a cire abin daga sunana, kuma tarar da aka rubuta kafin in kai rahoto ni na biya ta daga aljihuna. Har yau in uwarsa ta kira ni muna gaisawa lafiya, amma maganar ba ta taɓa tasowa tsakaninmu, kowa yana kauce mata.

Maman Walida: Innalillahi. Baba ai har na tuna lokacin, kullum kana hanya da jakar takardu a hammata. Allah ya kiyaye gaba.

Abu Haidar: Kuma ka ƙara da wannan ya Nura, mazauni ba ya samun khuruj niha'i, wato bizar fita ta ƙarshe, in akwai abin hawa da sunansa ko tarar da bai biya ba. Yani ranar da yayanka zai tattara ya koma gida gaba ɗaya, dabbab ɗin da kai ka manta da shi tuni shi zai riƙe masa ƙafa.

Sani Dabbab: To amma Baba da Abu Haidar ku yi haƙuri, kuna tsorata yaron nan da yawa. Laifin a labarin Baba na wanda ya sayar ba tare da canja suna ba ne, ba laifin babur ba ne. In an bi ƙa'ida menene matsalar? Yayan ya saya da sunansa, ya yi inshora, ya yi masa tafwid a Absher, wato ya ba shi izinin tuƙa shi, ya hau, in ya gama a bar wa yayan ya sayar a nitse ko da wata uku ne bayan tafiyarsa. Mutane nawa ke zuwa ƙasar nan da babura daga Turai suna zaga ta? Tun da aka buɗe bizar yawon buɗe ido a 2019 kullum sai ka gansu a hanyar Yanbu da akwatunan ƙarfe a gefe. Gasar tseren motoci da babura ta Dakar ma tun 2020 a nan ake yinta, daga Jidda ta fara tashi. Sai mu Hausawa ne komai a ce mana kar ka yi, kar ka je, za ka mutu.

Abu Haidar: Waɗancan da baburansu suke shigowa ya Sani, da lambar ƙasarsu da takardun shigo da abin hawa na wucin gadi, su fita da abinsu. Ba saye suke a nan ba. Kuma ka duba girman abin da suke hawa ka duba Boxer 150.

Sani Dabbab: Wannan kam gaskiya ne, a nan na yarda da kai. Nura ka saurare ni da kyau domin ni aikina kenan, daga safe har dare ina kan dabbab ina kai saƙo. Cikin gari Boxer ya isa har ya yi yawa. Amma babbar hanyar Jidda zuwa Madina kilomita 400 da ɗoriya ce, kuma akwai inda aka yarda ƙananan motoci su yi gudun 140. Kai kana murɗa maƙogwaron mashin har ƙarshe da ƙyar ka taɓa 95, injin yana kuka kamar injin markaɗe, sai tirela ta zo ta wuce ka, iskar farko ta tura ka gefen titi ta biyun ta jawo ka ƙarƙashinta. Na taɓa zuwa Rabig da ƙaramin mashin a watan Yuli, wauta ce irin ta ƙuruciya. Kafin in kai Tuwal wayata da ke kan sitiyari ta kashe kanta saboda zafi, taswira ta tafi, ruwan gorar da na ɗaure a baya ya zama kamar na haɗa shayi, na tsaya a mahaɗɗa, wato gidan mai, na cire safar hannu na dafa tanki da tafina sai da na yi ihu. Wani dattijo ɗan Yaman mai shagon wajen ya dube ni ya girgiza kai, ya ɗauko ruwan sanyi ya zuba min a ƙeya bai ce uffan ba. Iskar da ke dukanka a hanya ba ta sanyaya jiki, busar da kai take kamar kilishi, ba za ka ma san kana gumi ba sai jiri ya ɗebe ka.

Nura Gwammaja: Yaya Sani ai zafin Kano ma a watan Afrilu ba wasa ba ne, na sha yin Kano zuwa Gumel da tsakar rana.

Sani Dabbab: Ƙanena tsakanin Kano da Gumel kowane ɗan taƙi akwai ƙauye, akwai bishiya, akwai mai faci, akwai mai fura. Nan in tayarka ta fashe sai ka duba gabas ka duba yamma ba ka ga ko inuwar da akuya za ta fake ba. Kuma bakaniken da ya san Boxer a bakin hanya ba kamar gida ba ne da ko yaro ɗan shekara 12 zai kwance maka kafireto. Mai dai ba tsada, litar fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ce, wannan ba zai dame ka ba.

Usman Mai Wurno: Salamu alaikum, ku ba ni wuri in sa baki. Ni abin dariya yake ba ni wallahi. Kakanninmu da ƙafa da jakuna suka taso daga ƙasar Hausa, suka keta Barno da Wadai da Darfur, wasu shekaru suke yi a hanya suna noma suna tara guzuri, su isa Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jiddan nan da muke zaune. Garinmu ma Mai Wurno ai mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi a bakin kogi kusa da Sinnar. Yau jikansu yana son ya yi kilomita 400 a kan kwalta mai santsi da injin a ƙarƙashinsa ana ce masa zai narke. Mu a Sudan kafin yaƙin nan na 2023 ya ɓarke, motar muke ce wa babur, na sha hawa daga Sinnar zuwa Madani in dawo a yini guda, zafinmu kuma ba ya jin kunyar na Hijaz.

Maman Walida: Yaya Usman su kakannin namu nawa ne suka isa nawa ne aka binne a hanya? Waɗanda suka isa su ne suka ba da labari. Kuma su ba su da kyamarar Sahir mai kama masu karya dokar hanya a bayansu.

Usman Mai Wurno: Hhhh Hajiya kin gama da ni. Na janye rabi, rabin ina nan a kai.

Maman Walida: Ni dai abin da nake gani, uwarsa tana can Kano ta san ɗanta ya tafi ɗakin Allah, a ce an kira ta an ce ya faɗi a babur a jejin Badar? Ga jirgin ƙasa na Haramain nan tun 2018, ka shiga a Jidda cikin sanyi kafin ka gama lazimi kana Madina. In Badar yake son gani ya ɗauki mota daga Madina, kilomita 150 ne ko kusa da haka, direbobi Hausawa sun cika gari.

Sani Dabbab: Hajiya ba isa Madina ne kawai burinsa ba, hanyar yake so. Wanda bai taɓa hawa ba ba zai gane ba. Ke ma tun 2018 an ba ku mata damar tuƙi, ki zo in koya miki.

Maman Walida: Allah ya tsare ni, da girmana da jikokina.

Malam Habu Madina: Assalamu alaikum. Na karanta duka, akwai wani ɓangare da ba wanda ya taɓo. Malam Nura, in ka je Madina a kan babur, da niyyar sake yin umra za ka dawo?

Nura Gwammaja: Ƙwarai kuwa Malam, ai shi ne ma daɗin abin, in ɗau harami a Abyar Ali, miƙatin mutanen Madina, in gangaro Makka.

Malam Habu Madina: To ka ga inda gizo ke saƙar. Namiji mai harami ba ya rufe kansa, ita kuma hular kwano dole ce a dokar hanya, barinta tara ne, kuma ko ba tara ba mai hankalin da zai yi kilomita 450 kai a buɗe cikin ranar nan. In ka sa ta saboda larura fidiya ta hau kanka, azumin kwana uku ko ciyar da miskinai shida ko yanka akuya, kamar yadda ya zo a aya ta 196 a Baƙara da hadisin Ka'abu bin Ujra. Sannan ga su wando da riga mai kauri da takalmi sau-ciki da mai doguwar tafiya ke sawa don kare jiki, duk ɗinkakku ne. Ka yi tunanin kanka da ƙyalle biyu farare a kan Boxer iska tana kaɗa su tirela na wucewa.

Sani Dabbab: Wayyo cikina hhhhhh Malam ka kashe ni, na hango shi hannu ɗaya a sitiyari hannu ɗaya yana riƙon zani

Usman Mai Wurno: Labbaika ɗin ma iska ce za ta tafi da ita

Nura Gwammaja: Kai jama'a ku ji tsoron Allah hhh. Wallahi Malam ban taɓa kawo wannan a raina ba. To sai in fasa umrar dawowa in biyo ta Jidda kawai.

Abu Haidar: Kafin mu je can. Ka ce kana da lasisin Najeriya. Baƙo yana iya tuƙi a nan da lasisin ƙasa da ƙasa, amma abin da aka ba ka izini a gida shi za ka tuƙa a nan, kuma rukhsar dabbab, wato lasisinsa, daban take da ta mota. Ciro katin ka duba wane aji aka rubuta. A ne na babur.

Nura Gwammaja: Bari in duba.

Nura Gwammaja: B ne.

Sani Dabbab: To fa.

Nura Gwammaja: Ai ni da na je yi na mota na yi, lokacin da na samu aikin tuƙa wani Alhaji. Babur kuwa wa ya taɓa tambayar mu lasisi a Kano, tun ina ɗan sakandare nake hawa.

Abu Haidar: Halas, magana ta ƙare a nan ya akhi. Ba tarar ce ma ta fi ba ni tsoro ba. In Allah ya kiyaye ka goga wa motar wani, aka kira Najm, masu duba haɗarin mota na kamfanonin inshora, suka zo suka ga ba ka da izinin tuƙa abin da kake kai, kamfanin inshora yana iya biyan wancan sannan ya juyo ya nemi kuɗinsa a wajenku. In kuma mutum aka ji wa ciwo, to ka manta da ranar da ke jikin tikitinka. Bizar Umra ba ta jira, kwanakin suna tafiya kana zaune.

Kabiru Gwammaja: Assalamu alaikum. Yanzu na tashi daga aiki na buɗe waya na ga saƙo sama da 60. Nura, a nan zan ji cewa za a sayi dabbab da sunana? Jiya tare muka ci tuwo a faranti ɗaya ba ka ce min komai ba.

Nura Gwammaja: Yaya wallahi so nake in gama bincike tukuna sannan in same ka da maganar a tsare.

Kabiru Gwammaja: Ka bincika da kyau kuwa. Baba Alhaji ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma, na gode da ka faɗa masa da bakinka. Ni shekarata 14 a garin nan, da aka rushe unguwarmu a Gulail na kwashe iyali na koma haya mai tsada, iƙamata da ta yara kowace shekara sai na yi kamar zan yi kuka kafin in haɗa kuɗin. Sunana a kwamfutar mutanen nan fes yake, ko tarar ajiye mota ba a taɓa rubuta min ba, shi ne jarina. Ba zan ɗora shi a bayan Boxer ba ko na wa ne.

Baba Alhaji Misfala: Kabiru kar ka yi masa faɗa a gaban mutane, tambaya ya yi kuma da ya yi shiru ya aikata fa? Nura Allah ya yi maka albarka. Ka zo Makka ranar Alhamis ka ci abinci a gidana.

Sani Dabbab: To ni ga tawa, Yaya Kabiru in ka yarda. Ina da babba, Honda 500, takardunsa cif da sunana, da hular kwano biyu. Juma'a ba na aiki. Mu tashi bayan asuba kafin rana ta buɗe ido, in goya shi mu haura Ɗa'if ta hanyar Hada, mu yi sallar Juma'a a masallacin Ibn Abbas, mu dawo da yamma. In an rufe Hada saboda hazo ko ruwa mu bi ta Sail. Ya ga duwatsu, ya sha iska, sunan kowa bai shiga ko'ina ba.

Nura Gwammaja: Goyo kuma Yaya Sani? Ni da na goya rabin mutanen Gwammaja?

Kabiru Gwammaja: Ko goyon ko jirgin ƙasa, zaɓi ɗaya. Sani na yarda da kai amma ban da gudu, kuma duk inda kuka tsaya ka turo min saƙo.

Nura Gwammaja: Jama'a mun dawo lafiya tun jiya da daddare, gajiya ce ta hana ni rubutu. Wallahi hanyar Hada aba ce da sai mutum ya gani, kwana a kan kwana kamar an naɗe rawani a jikin dutse, kunnena har toshewa ya yi muna hawa, da muka kai sama na ji sanyi a watan da Jidda ke tafasa, ashe garin ya haura mita 1,800. Mun tsaya a wani gefe in ɗau hoto na ajiye ledar burodin tamis a kan kujera, ina juyowa na ga wani ƙaton gwaggon biri zaune a kan mashin ɗin ya buɗe ledar yana ci yana kallona ido cikin ido, ko gezau, sai da ya cinye ya sauka a nitse. Kuma in faɗi gaskiya, a hanyar dawowa wata tirela ta wuce mu daidai fita Makka, a kan 500 ɗin ma sai da na ji mun yi rawa, na ƙanƙame Yaya Sani kamar sabuwar amarya. Madina ranar Talata zan tafi a jirgin ƙasa, Malam Habu ina nan zuwa.

Malam Habu Madina: Maraba, ka kira ni in kun wuce Rabig in fito tasha.

Sani Dabbab: Bai gaya muku tun daga Jidda har Ɗa'if yana taka birkin da babu a baya ba, ƙafata duk ta yi tsami da shurinsa. Kuma har yanzu bai biya kuɗin acaɓa ba.

Nura Gwammaja: Nawa ne drop ɗin naka?

Sani Dabbab: Kilishin da Yaya Kabiru ya ce ka zo da shi, rabi.

Kabiru Gwammaja: Yara sun cinye tun satin farko.